Kwalbar Gidan Inna

Tun da ta fara aikin nan sunanta na yanka ya ɓace a unguwar. Mai Kwalabe ake ce mata, manya da yara, saboda jakar da take ratayawa a kafaɗa cike da 'yan kwalabe masu murfi, suna kacau-kacau duk inda ta taka. Ba ta damu ba. Ta ji sunayen da aka laƙaba wa wasu abokan aikinta, ta san ita da sauƙi ta sha.

Aikin kuwa ba mai wuyar bayani ba ne. Wata ƙungiya ce ta haƙa wa unguwar rijiyar burtsatse, ta ɗora tanki, ta ja famfo zuwa bakin kowane layi, ta tara mata ta koya musu wanke hannu da sabulu. Yanzu tana shirin tattara nata-ya-nata ta koma wata unguwa, sai dai kafin ta tafi tana son ta san ko wahalar ta yi rana. Ruwan famfo an auna shi, tas yake. To amma wa yake kafa baki a famfo? A gida ake shan ruwa, bayan ya bi ta jarka, ya kwana a randa ko duro, hannun kowa ya gaisa da shi. Shi ya sa aka ɗauki Mai Kwalabe. Ta shiga gida, ta roƙi ruwan sha, ta zuba a kwalba mai ɗan magani a ciki, ta rufe, ta kai ofis a ajiye a kabad. Bayan kwana biyu, in ruwan lafiyayye ne, kwalbar za ta zauna yadda take. In kuwa ƙazantar bayan gida ta samu hanyar shiga cikinsa, sai ta rine ta koma baƙa wuluk, ta kama warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Gidajen da za a shiga ba ita take zaɓa ba. Kwamfuta ce take yin ƙuri'a, don kada a ce an bi son rai. Kwamfuta kuwa ba ta san uwar kowa ba, sai ga gidan mahaifiyar Mai Kwalabe ya faɗo a ciki.

Shugabansu wani dogon mutum ne mai sanyin magana, suna ce masa Mai Taswira saboda ba ya iya bayanin komai sai ya tashi ya nuna a taswirar unguwar da take manne a bango. Ya ce ko a tura wani ya je gidan a madadinta? Dariya ta yi. Ta ce gidan Inna ai ɓarnar kwalba ce ma.

A iya saninta gaskiya ta faɗa. Inna irin matan nan ne da suke share tsakar gida sannan su wanke tsintsiyar. Gindin tukunyarta ya fi cikin ta wasu haske. Randarta tana zaune a inuwa a kan ɗan dandamali, da murfinta, da moɗa kife a kai, kuma ba a barin ruwa ya tsufa a ciki. Lokacin da ƙungiyar take koya wa mata tsabta, gidanta aka kawo su su gani da idonsu, abin da ya ƙara mata baki, ita da dama can ba ta rasa shi ba. Da wuya ka sami macen da ba ta taɓa shan faɗanta a kan shara ko kwata ba. A wurinta Mai Kwalabe take barin 'yarta kowace safiya, yarinya 'yar shekara uku da aka sa wa sunan Inna, Inna take ce mata Takwara. Da yamma sai an sha rigima kafin a raba su.

Ranar da ta je ɗibar ruwan gidan, ta tarar Inna tana yi wa Takwara wanka. Ta tsaya a tsakar gida, ta gyara murya, ta faɗi maganar da aka koya musu su riƙa faɗa a kowane gida ba ragi ba ƙari: a ba ta ruwa kamar yadda za a ba ɗan gida in ya ce yana jin ƙishirwa. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke baƙuwa ce? Ga randa can."

Ta ɗiba da moɗa, ta cika kwalba, ta manna lamba, ta wuce gida na gaba.

Da lokaci ya yi ta buɗe kabad ɗin, wari ne ya fara yi mata sallama. Kwalaben suna jere, duk garau, sai guda ɗaya a tsakiya da ta rine. Ta ɗauko ta tana tunanin gidan wace baiwar Allah ce za ta je ta ɓata wa rai yau. Ta duba lambar. Ta sake dubawa. Ta kai kwalbar bakin taga ta ɗaga ta a haske, amma lambar ba ta canza ba.

Ƙa'idar ofishin ita ce duk gidan da kwalbarsa ta rine, a ranar ake gaya musu, don kada su ci gaba da sha cikin rashin sani. Mai Taswira ya ce shi zai je. Ta ce a'a, in har Inna za ta ji wannan magana, gara ta ji daga bakin wadda za ta iya zagi.

Da yamma ta je ɗaukar Takwara, ta zauna a bakin tabarma tana ta kwana-kwana, har Inna ta ce mata in magana ce ta faɗa, in ciwon ciki ne ga banɗaki can. Ta faɗa. Ta shirya wa faɗa, ta shirya a kira ta marar kunya, a ce kwalabenta ne ba a wankewa. Ba ko ɗaya da ya zo. Inna ta kalli randar, sannan ta tambaya gida nawa abin ya shafa.

"Naki kaɗai, Inna."

"Har gidan matar tela ya fito lafiya?"

Matar tela ita ce wadda awakinta suke shan ruwa a bokitin wanke-wankenta, duk unguwa an sani. Mai Kwalabe ta ce har shi.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito da leda a hannunta, ta zuba kayan Takwara da suke zama a gidan: rigunan canji, ɗan kofinta, takalman roba, har 'yar tsanar da ta rasa hannu ɗaya. Ta ajiye ledar a bakin ƙofa a hankali.

"Gobe ki kai ta inda ruwansu yake da kyau."

Mai Kwalabe ta ɗauka fushin dare ɗaya ne. Da safe ta zo da yarinyar kamar kullum, ta tarar da ƙofa a rufe. Inna ta amsa gaisuwa daga ciki, ba ta buɗe ba. Haka aka shiga wani zama marar daɗi. Yau a bar Takwara wurin maƙwabciya, gobe a tafi da ita ofis ta yi barci a ƙarƙashin tebur. Yarinyar ta rage cin abinci, da an bi ta kan layin kakarta sai ta fara zillo tana miƙa hannu. Mijin Mai Kwalabe ya ce ta je ta ba da haƙuri mana, ai tsofaffi haƙuri kawai suke son ji. Ta ce haƙurin me za ta ba da, ita ce ta rina kwalbar? Duk da haka ta je ta bayar ta jikin ƙofa, aka ce mata ba komai, irin ba komai ɗin da ba ya buɗe ƙofa.

Ba wahalar reno ce ta dame ta ba. Tsoronta shi ne ta karya uwarta a kan abu ɗaya da uwar take ɗaga kai da shi, kuma Inna ba ta cikin masu mantuwa. Gani take ƙofar nan ta rufu ke nan tsakanin Inna da jikarta, kuma ita ce ta rufe ta da hannunta.

A ofis kuwa murna ake yi. Mai Taswira ya shafe unguwar da koren launi a bango, gida-gida, sai ɗigon ja guda ɗaya. An fara rubuta rahoto cewa aiki ya yi kyau, ƙungiya tana iya tashi ƙarshen wata. Duk lokacin da ta ɗaga kai daga teburinta, ɗigon nan take fara gani.

Ana cikin haka aka tura su zagaye na biyu, wannan karon ba na ruwa ba, na duba wurin wanke hannu: akwai sabulu, ya jiƙe, ko tun ranar da aka raba yake naɗe cikin takardarsa? Rana ta take tsaka lokacin da ta isa gidan matar tela, maƙogwaronta a bushe. Matar tela mace ce mai fara'a. Ta yi ta lale marhabin, ta kori akuya daga kan tabarma, ta tambaya ko Inna lafiya, kwana biyu ba a ji faɗanta ba har unguwa ta yi tsit. Sannan ta shiga ɗaki ta jima. Sai ga ta da tire, da kwanon sha mai murfi, da kofin gilashi wanda da gani ba kullum yake ganin rana ba. Ruwan sanyi ƙalau.

Tana cikin sha, 'yar matar tela ta shigo a guje daga wasa. Ta tsinci wani kofin roba a ƙasa, ta yi ɗage ta zura hannu har gwiwa cikin duron da yake buɗe a gefen kicin, ta kwankwaɗa, ta yar da kofin inda ta tsince shi, ta fice.

Mai Kwalabe ta sauke kofin daga bakinta. Ta tambayi matar tela, ranar nan da ta zo da kwalba, wane ruwa ta ba ta?

"Irin wannan mana. Na leda ne nake ajiyewa saboda baƙo. Haba, ke ma dai, ki shigo gidana da katin aiki a wuya, in ɗebo miki na duro?"

Ta tuna mata cewa ai ta ce a ba ta kamar yadda za a ba ɗan gida. Matar tela ta yi dariya ta ce ta ji sarai, ta ɗauka irin maganar nan ce ta kawaici, kamar baƙo ya ce kada a wahala da girki. Wa yake ɗaukar wannan da gaske?

Sai gidajen suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. A kowanne sai da aka shimfiɗa mata tabarma, aka shiga ciki aka jima. Tire, kofin da aka ɗauraye, wani gidan ma har da ƙanƙara. Ita kuma ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta juye a kwalba. Duk unguwar gida ɗaya ne ba a karrama ta ba, shi ne gidan da aka haife ta.

Da ta gaya wa Mai Taswira, ya daɗe tsaye gaban bangonsa, hannu a aljihu. Bai yi gardama ba, duk da rahoton ya kusa ƙarewa kuma shi ma yana ƙishin hutu. Ya ce ashe karamcin mutane suka yi ta aunawa, kuma sun same shi lafiya lau. Ya ce a sake. Sai dai sakewar ta fi faɗa wuya. Mai Kwalabe ta gwada washegari, ta ce a bar ta ta ɗiba da kanta. Matar gidan farko ta tare hanya tana rantsuwa ba za a yi wannan abin kunya a gidanta ba. Ta biyu ta ce ta ɗan zauna tana zuwa, sai aka ji ƙarar zubar da ruwa da kankarar duro daga bayan ɗaki. Duk wanda ofis zai tura baƙo ne. Mutum ɗaya ta sani a unguwar da ba a yi wa shimfiɗa, don ba ta tsayawa a yi mata.

Ta ƙwanƙwasa ƙofar Inna ita kaɗai, ba Takwara. Aka buɗe. Tsakar gidan ya ƙara haske, in ma hakan zai yiwu, randar kuma an kankare ta har ta sake launi. Inna ta rame. Mai Kwalabe ta tsuguna ta yi bayani tun daga kofin gilashi har duro, ta ce da alama ba gidan Inna ne ya fi na kowa lalacewa ba, shi kaɗai ne dai aka auna da gaske. Ta sa ran fuskar za ta saki. Ba ta saki ba.

"Wato ruwan nawa dai ba shi da kyau."

"Haka ne, Inna. Amma ina jin ba naki kaɗai ba ne."

Inna ta jawo mayafinta daga kan igiya ta ce su je.

Unguwar ba za ta manta da zagayen nan da wuri ba. Inna a gaba, Mai Kwalabe a baya da jaka. Sallama ɗaya Inna take yi, kafin a amsa ta kai tsakar gida. Matar gida ta nufi ɗaki za ta ɗauko tabarma, sai ta ji an ce ta dawo, ba zama aka zo yi ba, kuma duk wadda ta taɓa tire ita da Allah. Ina inda yaran nan suke sha? Can? To da wane kofi? Wancan da kaza take tsaye a kai? Madalla, shi ake nema. Mai Kwalabe tana biye tana neman izini yadda aiki ya tanada, tana bayanin dalili, amma yawanci kafin ta kai ƙarshe matar gidan ta ce su ɗiba kawai, wa ya isa ya hana Inna. Matar tela ma da kanta ta miƙo kofin robar, tana rufe fuska da gefen zani. Abin da Mai Kwalabe ta lura da shi, ya kuma dame ta, shi ne duk yinin Inna ta tsallake shara iri-iri ba ta yi wa kowa faɗa ba.

Gidan ƙarshe na Inna ne. Ta ce a sake auna shi tunda ta wanke randar. Da hannunta ta ɗiba ta zuba.

Ranar buɗe kabad Inna ta zo ofis, abin da ba ta taɓa yi ba. Aka ba ta kujera ta ƙi. Mai Kwalabe ta buɗe, warin ya cika ɗakin har sai da Mai Taswira ya je ya wage taga. Kwalaben sun rine layi-layi, masu haske 'yan tsiraru ne a tsakaninsu. Ta Inna ma ta sake rinewa.

Mai Taswira ya yi bayani a tsanake, yau ko bangon bai kalla ba. Ya ce ba daga wankin randa ba ne. Duk ruwan da ake zura masa hannu da moɗa, komai tsabtar mai shi, wata rana sai abu ya shiga, balle inda yara suke. Maganin shi ne mazubi mai rufaffen baki da ɗan famfo a ƙasa, da ɗigon maganin ruwa. Ya ce zai rubuta wa manyansa cewa tafiya ba yanzu ba, aiki bai ƙare ba. Ya yi wa Inna godiya, ya ga ba shi take saurare ba, sai ya ɗauki wayarsa ya fita ya ba su wuri.

Mai Kwalabe ta zaci za ta ga ɗan jin daɗi a fuskar uwarta, ko ƙanƙani, tunda ga shi ta tabbata ba ita kaɗai ba ce. Inna kuwa bin kwalaben take yi da ido, tana tambayar wannan ta gidan wa ce. In an faɗa, sai ta ambaci yaran gidan a hankali, ta wuce ta gaba. Da ta zo kan tata ta tsaya.

"Kin san akwai wanda na haifa kafin ke."

Ta sani, sama-sama. Yaro ne, ya rasu kafin a haife ta, ba a maganarsa a gidan, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Inna ta ce da kaɗan Takwara ta girme shi a yanzu. Gudawa ce da amai. Da safe yana wasansa, kafin a yi wani abin kirki ya tafi. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ita ma haka ta ce. Amma tun daga lokacin ba ta iya ganin datti ta zauna. Tana faɗa muryarta ba ta rawa, idonta a kan kwalbar.

"Ke kika yi karatun abin nan. Ki gaya mini. Ruwana ne?"

Tausayin uwarta ya kama Mai Kwalabe. A'a tana kan harshenta, kalma ce mai sauƙi, ba kuma mai ƙaryata ta. Amma Inna ba ta taɓa karɓar maganar lallashi ba, kuma ba don a lallashe ta ta tako har nan ba.

"Ban sani ba, Inna. Ba kuma wanda zai iya sani yanzu. Kwalbar nan ruwan shekaranjiya kawai ta sani."

Inna ta daɗe tana gyaɗa kai. Ta goge ido da gefen mayafi. Ta ce ba fushi ne ya sa ta rufe ƙofa ba, tsoro ne. Da ta ji maganar ran nan, sai ta tuna irin kofunan da ta ɗebo wa Takwara da hannunta daga randar nan, tana ce mata sha, sha ki ƙoshi. Tun daga nan ta kasa kallon yarinyar.

Mai Kwalabe ta ce to ai yanzu an gano bakin zaren, gobe za ta kawo ta, ko ruwan leda ne sai ta haɗo mata da shi. Yarinyar ta rame don kewa, ita ma Inna ga yadda ta koma.

Inna ta girgiza kai. Ta ce Takwara ba ta jin bari, ta san kowane lungu na gidan, ita kuma tsohuwa ce, ba ta iya tsaron yarinya kowane lokaci. Shekara da shekaru idonta yana gaya mata ruwan nan garau yake, yau ta daina yarda da idon. A kawo mata mazubin mai famfo yau ɗin nan, a nuna mata yadda ake ɗiga maganin, sannan a zo a ɗiba a kawo nan a rufe a kabad.

"In kwalbar ta fito garau, ki kawo mini ita da sassafe."

Ta gyara mayafinta ta nufi ƙofa, sai ta tsaya ba ta juyo ba.

"Kafin nan kada ki kawo ta. Ko na aiko, ko na roƙe ki, kada ki kawo ta."